Yauri, Yelwa da Birnin Yauri: wanne ne wanne, kuma yaushe tafki ya iso bakin gari?

Wani ƙanenmu da aka turo bautar ƙasa jihar Kebbi ne ya yi tambaya, yace takardarsa an rubuta Yauri, da ya je tasha a Kontagora sai ya ji 'yan kamasho suna ta kiran Yelwa Yelwa, ya iso kuma sai ga mutane suna maganar wani wuri daban wai shi Birnin Yauri, to wanne ne wanne, daga ina sunayen suka fito, yaya aka kasa ƙasar, kuma wai da gaske ne wannan makeken ruwa da ke gefen gari da can babu shi?

To ƙanena sannu da zuwa, Allah ya sa ka gama lafiya. Na koyar da tarihi shekaru masu yawa a wannan yanki kuma tambayarka ta yi mini daɗi, don ko a cikin 'yan gari akwai samari da yawa da in ka tsare su da ita sai sun yi ta kame-kame. Abin da za ka fara riƙewa shi ne Yauri sunan ƙasa ne, wato masarauta gaba ɗaya, kuma shi aka ba ƙaramar hukuma. Yelwa shi ne garin da kake zaune a ciki, inda fadar sarki take. Birnin Yauri kuwa tsohuwar hedikwata ce, tana kudu da Yelwa kamar kilomita 14, kuma abin da zai ba ka mamaki yau ba ma a ƙaramar hukumar Yauri take ba, a Ngaski take. Saboda haka ɗan kamasho ya yi daidai, wanda ya rubuta maka takarda ma ya yi daidai, gari ɗaya suke nufi.

Bari in fara da mai sauƙin. Yelwa kalmar Hausa ce tsantsa, yalwa ce dai da ka sani, wadata, fili, abin da ba a ƙuntata ba, rubutun Turawa ne ya tsayar da ita a matsayin Yelwa har muka saba. Shi ya sa ba mu kaɗai ke da ita ba, akwai Yelwa a Bauchi, akwai Yelwan Shendam a Filato, duk inda Bahaushe ya sauka ya ga ƙasa ta karɓe shi yana iya raɗa mata wannan suna. Don haka in kana gaya wa mutanen gida inda kake, kace Yelwan Yauri, kar wani ya kama hanyar Bauchi. Amma fa sunan Hausa ba ya nuna Hausawa ne suka fara zama a wurin, asalin Yelwa ƙauyen Kambari ne da ke ƙarƙashin Birnin Yauri, kuma ya daɗe a haka kafin sarauta ta zo ta same shi.

Shi kuwa Yauri, in ka saurari tsofaffi da kyau za ka ji suna cewa Yawuri ne, da wa a tsakiya, kuma har yanzu wasu haka suke rubutawa. A jerin sarakunan da masarauta ke riƙe da shi, na farko shi ne Tafiraulu, na biyar kuma sunansa Yauri, kuma da wannan sarki ake danganta sunan ƙasar, yana kuma cikin sarakuna biyu da ake cewa su suka kafa Musulunci a fada, ɗayan shi ne Jerabana na biyu, na goma sha ɗaya a jerin. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, sunan mai mulki ya rinjayi sunan wuri har a manta da na da. Kuma na da ɗin yana nan bai ɓace ba, tsohon birnin yana da sunansa a bakin mutanen da suka riga kowa, Ireshe, wasu suce Ireshe Bino. Bin Yauri da za ka gani a taswira da allunan hanya kuwa Birnin Yauri ne aka gutsure, ba wani gari ne na uku ba.

Ka riƙe wannan Ireshe ɗin da kyau don shi ne zaren da zai kai ka ga mutanen da ni a wurina ba a maganar Yauri a tsallake su, wato Gungawa. Gungu a Hausar wannan yanki tsibiri ne, ƙasar da ruwa ya kewaye, Bagunge shi ne mutumin gungu, Gungawa mutanen tsibirai. Kaga kenan suna ne da na tudu ya ba na cikin ruwa, su ba haka suke kiran kansu ba, su Reshe ne, jam'insu Bareshe, harshensu Tsureshe, kuma masana tarihi da yawa suna ganin su suka kafa daular tun farko kafin sarauta ta koma hannun Hausawa. Suna zaune a tsibiran da ke cikin Kwara, wato sunan da Hausawa ke kiran kogin Neja da shi tun da can, suna noman gero da dawa da shinkafa, da rani su yi albasa a bakin ruwa, ga tuƙin jirgi ga kokawa, kuma zaman gungu ba don sha'awa kawai ba ne, kariya ce, mahayin doki da ya zo kama bayi in ya iso bakin Kwara sai ya tsaya. Bayan su akwai Kambari a tudu, akwai Dukkawa ta gabas, akwai Lopawa a bakin ruwa ta kudu, akwai Shangawa ta arewa waɗanda harshensu ma ba dangin na sauran ba ne, ɗan'uwan Kyanganci da Busanci ne, zuriyar harsunan Mande da suka miƙe har Mali. Sai Sarkawa masunta da suka gangaro daga wajen Kabi, sunansu na da alaƙa da Sorko na ƙasar Songhai, sai Nufawa masu manyan jirage da suka hauro daga kudu, sai Fulani da shanunsu a fadama. Waɗanda ake kira Yaurawa su ne Hausawan gari da duk wanda ya narke a cikinsu. Wani abin da ɗalibaina ke jin daɗin ji shi ne masana harsuna sun haɗa Tsureshe da Kambarci da Dukkanci da Dakarci da Kamukanci da wasu da dama a gida ɗaya, suka raɗa wa gidan suna harsunan Kainji, wato da sunan wannan tafki da kake gani.

A makaranta an koya maka Hausa Bakwai da Banza Bakwai, kuma Yauri tana cikin na biyun tare da Kabi da Zamfara da Nupe da Gwari da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Ni wannan kalma ta banza tana damuna kuma ina faɗa wa yara a aji, rabo ne da masu ba da labarin Bayajidda suka yi daga inda suke tsaye, abin da yake nunawa kawai shi ne ƙasashe ne da Hausa ta shige su ta tarar da wasu al'ummu a zaune. Ƙasar da ta riƙe mashigin Kwara ɗaruruwan shekaru ba a kiranta banza.

Don mashigin nan shi ne arzikin Yauri na asali. Fataken da ke tashi daga Kano da Katsina za su Gwanja sayen goro, a arewacin Ghana ta yau, dole su ƙetare Kwara a wani wuri, kuma Yauri na cikin manyan wuraren fito, daga nan su faɗa ƙasar Bargu su miƙe yamma. Ayari ne na jakuna da takarkarai da mutane ɗaruruwa, suna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro, kuma kowane kaya sai an biya kuɗin fito, sai an sauka an ci an sha, sai an yi ciniki. Wanda ke da jirage da mutanen da suka san ruwa shi ke da magana. Shi ya sa manyan maƙwabta ba su taɓa ƙyale Yauri ba, Kanta na Kabi ya ci ta a ƙarni na 16, kuma ko bayan rasuwarsa ta ci gaba da kai gaisuwa Kabi har wajen tsakiyar ƙarni na 18 duk da tana tafiyar da harkarta da kanta.

Da jihadin Shehu Usmanu ya zo sai Yauri ta bi wata hanya da ba kowace ƙasar Hausa ta samu ba. Sarki Muhammadu Albishir ɗan Ayi, wajen 1810, ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka bar shi a kan gadonsa, saboda haka ba a kawo mai tuta daga waje an ɗora ba kamar yadda aka yi a Kano ko Katsina ko Zazzau, gidan sarautar Hausa ya ci gaba. In ka ga sarautun fada da kirarinsu sun yi maka kama da na Hausar da can, dalilin kenan.

A zamanin nan ne kuma Turawan farko suka fara ratsawa. Mungo Park ya biyo Kwara da jirginsa daga ƙasar Mali ya iso Yauri a farkon 1806, a nan ne ma tafintansa kuma jagoransa Amadi Fatuma ya sauka don yarjejeniyarsu ta ƙare, shi kuma ya wuce gaba ya je ya halaka a duwatsun ruwa na Busa. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo har Birnin Yauri neman takardun da ya bari, suka yi makonni a hannun sarki, suka ba da labarin birni babba mai doguwar ganuwa, daga nan suka gangara da ruwa har teku, abin da ya tabbatar wa Turawa inda Kwara ke ƙarewa. Duwatsun da suka ci Mungo Park ɗin yanzu suna ƙarƙashin tafki, su da tsohon garin Busa baki ɗaya.

To me ya fitar da sarauta daga wannan babban birni? Rigimar cikin gida. Wajen 1844 'ya'yan sarki suka kaure da yaƙi a kan gado, aka kori wannan aka naɗa wancan, fada ta bar Birnin Yauri ta shiga ruwa, tsibirin Ikum, kaga ko sarki da wuta ta yi wuta dabarar Gungawa ya ara. Ana cikin wannan rauni sai ga Umaru Nagwamatse, jinin Sakkwato, ya kafa Kontagora a gabas, shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta kai hari suna kwashe mutane, ƙasar Kambari ta sha wuya ƙwarai, Yauri ta rasa yawancin tudunta ta koma kusan tsibirai da bakin ruwa kawai. Shekara arba'in da wani abu ana wannan hali, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya tsayar da fada a Yelwa. Saboda haka in ka lissafa, Yelwa a matsayin gidan sarauta ba ta kai shekara 140 ba, yarinya ce a kan Birnin Yauri. Sunan Abarshi kuwa za ka yi ta jinsa a gari, a makarantu da gidaje, yanzu ka san daga inda ya fito.

Zamanin Turawa zan taƙaita. Kamfanin Royal Niger ya buɗe wurin ciniki a Yelwa wajen 1896, bayan 'yan shekaru mulkin Ingila ya kankama, aka sa Yauri a Lardin Kontagora. A 1915 Turawa suka yi wani gyara da ya jawo jini, suka ɗora wani Aliyu wanda ba ɗan gidan sarautar ba ne a kan Yauri, suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka jefa Busa a ƙarƙashin Yauri, mutanen Busa kuwa da suke ganin kansu tsohuwar daula suka yi tawaye a wannan shekara ƙarƙashin Sabuki. Daga baya dole aka warware, a 1923 sarauta ta dawo gida hannun Sarki Abdullahi wanda ya yi har 1955, kuma tsofaffi na yabonsa wajen son ilimi. Da aka rushe Lardin Kontagora a 1924 sai Yauri ta koma Lardin Sakkwato, daga nan Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sai Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991, inda take ɗaya daga masarautu huɗu tare da Gwandu da Argungu da Zuru. Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya hau gadon a 1999.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce ta fi taɓa ni. Eh da gaske ne. Duk wanda aka haifa kafin 1968 a Yelwa a bakin kogi aka haife shi, tafki daga baya ya zo ya same su. An fara gina dam ɗin Kainji a 1964 can kudu kusa da Busa, an toshe ruwa a 1968, aka yi bikin buɗewa a farkon 1969 zamanin Janar Gowon ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma sunan Kainji ma na wani tsibiri ne da aka kafa ginin a kansa. Ruwa ya taru ya yi baya kusan kilomita 135, faɗinsa gaba ɗaya wajen murabba'in kilomita 1,300, kuma Yelwa tana can ƙarshensa na arewa inda tafkin ke tsukewa ya koma kogi. Mutum sama da 40,000 aka tayar. Busa aka gina mata sabon gari wato New Bussa, babban tsibirin Foge ya nutse, wani sashe mai yawa na tsohuwar Yelwa ya shiga ruwa har sai da aka sake gina fada da kasuwa a kan tudu, amma waɗanda abin ya fi faɗawa a kansu su ne Gungawa, don su duniyarsu ce gaba ɗaya aka ɗaga aka ajiye a gaɓa. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti a jere, an yi ƙoƙari ba a ce ba a yi ba, amma wanda ya zana gidan bai zana fadamar albasa ba, bai zana kushewar kakanni ba, bai zana wuraren da suke al'adunsu ba.

Na taɓa shiga kwalekwale da wani dattijo Bagunge, mahaifin wani ɗalibina, muna tsakiyar ruwa ba abin da ido ke gani sai ruwa, sai ya sa aka kashe inji ya nuna ƙasa da sandarsa yace nan ne ƙofar gidanmu, can rumbunan babana, can tsamiyar da muke kokawa a gindinta. Ya daidaita wurin ne da wani dutse da ke gaɓa da wani tudu a ɗaya ƙetaren. Wallahi na daɗe ban ce komai ba. Tun daga ranar in ina koyar da Kainji ba na farawa da megawat 760 da injinan ke iya bayarwa, da wannan dattijo nake farawa, sannan in zo kan lantarkin, don ƙasa ta amfana kuma ya kamata ta san wanda ya biya. Abin da ke ƙara ciwo shi ne akwai ƙauyukan da aka tayar saboda wuta da suka yi shekara da shekaru ba su ga wutar ba.

Tunda za ka yi shekara a nan za ka ga ruwan yana hawa yana sauka, kar ka ɗauka damina ce kawai ke juya shi. Cika biyu Kwara ke yi. Akwai farin ruwa, na damunar nan kusa, yana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba da laka a cikinsa shi ya sa ya yi fari. Sai baƙin ruwa, wanda aka yi samansa tun a tsaunukan Gini, ya bi ta Mali ya bazu a fadamun can ya yi watanni yana tafiya a hankali lakarsa ta kwanta, sai ya iso mana cikin sanyi wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Daga nan masu dam su yi ta sakin ruwa suna yin wuta, tafki ya ja baya, ƙasa mai danshi ta fito a gaɓa, manoma su bi ta da shuka makiyaya su bi ta da shanu, kuma yawancin rigimar gona da za ka ji a bakin ruwa a kan wannan ƙasa ce da rabin shekara tana ruwa rabin shekara tana tudu. Su ma masunta tafkin ya canza musu sana'a, shekarun farko kifi ya yi yawa har mutane suka yi ta kwararowa daga nesa, daga baya ya ragu. Je ka bakin kasuwar kifi ka ga giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa da ƙurungu, ka kuma tambayi warangi, ɗan mitsitsin kifin nan da ake shanyawa a rana ana aunawa a mudu, da tarun da ake kira dala mai ƙananan ido wanda hukuma ta sha hanawa don yana kwashe har 'ya'yan manyan kifi.

Sai yadda aka kasa ƙasar. Masarautar Yauri ƙananan hukumomi uku ce, Yauri a tsakiya, Shanga ta arewa, Ngaski ta kudu. Ita Yauri ƙarama ce a fili amma cike take da mutane, mazaɓunta goma, biyar a cikin gari wato Yelwa ta tsakiya da ta gabas da ta yamma da ta kudu da ta arewa, waɗannan sunayen ofis ne ba su da wani labari, biyar kuma a waje, Gungun Sarki, Zamare, Tondi, Jijima, da Chulu da Koma a haɗe. A nan ne sunaye ke fara magana. Gungun Sarki tsibirin sarki kenan, kuma duk inda ka ji Gungun kaza to asalinsa tsibiri ne ko da yau ka same shi a tudu mota na shiga har ƙofar gida, mutanen sun taso da sunan garinsu ne suka dasa shi a sabon wuri. Duk inda ka ji Tungar wane kuwa, tunga zango ne da wani mutum ya kafa, galibi masunci ko manomi baƙo, aka kira wurin da sunansa, kuma da yawansu bayan dam suka samu, saboda haka da jin suna kana iya raba tsohon gari da sabo. Tondi kuma duk mai jin Zabarmanci ya san dutse kenan, kuma ni ina ganin sawun mutanen da suka biyo ruwa daga arewa ne a wannan suna. Zamare ita ce mafitar da ake ƙetarewa zuwa Rofiya a jihar Neja, wato aikin fiton da ya yi Yauri tun farko bai mutu ba, an daɗe ana roƙon gada a wurin.

Ngaski ita ce mai faɗi, ƙasar Kambari ce ta asali da ake kira Maginga, shi ya sa za ka ji sarautar Sarkin Maginga. Hedikwatar ƙaramar hukumar tana Wara a bakin tafki, gari mai babbar kasuwa da jirage ke zuwa daga ƙetare, sai garin Ngaski kansa, da Libata, da Utono, da Kambuwa, da Birnin Yauri da muka yi magana. Yankin nan akwai zinariya a ƙasa, tun zamanin Turawa ake haƙa, har yau za ka ga samari da ƙura a jiki suna dawowa daga ramuka. Shanga kuwa sunan ƙabilar ta ɗauka, kuma sunayen garuruwanta da yawa Hausa ce da ba ta buƙatar fassara, Dugu Tsoho da Dugu Raha, Rafin Kirya, Tafki Tara, kana ji ka san an yi tsohon mazauni an yi sabo, ka san itacen da ke bakin rafin, ka san ƙasa ce mai tafkuna. Sai irin su Sakace da Gebbe da Sawashi da Atuwo.

Ba zan ɓoye maka ba 2021 shekara ce mai nauyi a nan. A watan Mayu jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja cike da mutane ya kife kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta, yawanci 'yan kasuwa da mata da yara. Ranar 17 ga Yuni kuma 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya da ke Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai da suka yi kusan shekara biyu a daji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na faɗa maka ne don in za ka shiga jirgi ka duba lodinsa, ka nemi rigar kariya mai hana nitsewa, kar ka yarda da tafiyar dare, don a ƙarƙashin tafkin nan akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 suna nan a tsaye.

In Allah ya sa an yi Rigata kana nan kar ka bari ta wuce ka. Sunan daga bakin Turawa aka aro shi, kalmarsu ce ta tseren jirage, amma abin da ake nunawa ya girmi sunan nesa ba kusa ba, jarumtar mutanen ruwa ce ta zamanin da ake fita farautar dorina da jirage da masu, ga tsere ga ninƙaya ga kiɗa, kowane gungu da jirginsa da tutarsa.

Kuma tunda makaranta aka tura ka, ga wani abu da nake roƙonka. A ajinka akwai yaran da in ka tambaye su za su ce maka su Hausawa ne, kuma ba ƙarya suka yi ba don da Hausa suka tashi, amma kakarsu a gida Tsureshe take yi ko Kambarci ko Shanganci, shi Shanganci ma 'yan ƙauyuka kaɗan suka rage da ke yinsa. Da yawansu kunya suke ji saboda an daɗe ana kiran iyayensu da sunayen raini. Ka ba su aikin gida kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu sunan garinsu na asali da harshensu, da inda yake kafin ruwa ya zo, da ma'anar sunan, su rubuto maka. Na yi haka shekara da shekaru kuma mafi yawan abin da na sani game da gungayen nan daga irin waɗannan takardu na same shi. Birnin Yauri kuma ka samu ɗan gari ya raka ka da rana, bayan ka tambayi halin da hanya take ciki, ka ce ya nuna maka inda ragowar ganuwa ta bi ta cikin gonaki.